Kalmar Da Ta Raba Ni Da Ɗiyata

A lokacin da abin nan ya faro ni yarinya ce ɗanya, 'yar Damagaram, ɗiyar ɗan kasuwa, na fito daga makarantar horon malamai ina jin kaina a sama. Ina da baki, ina da Faransanci, kuma a gidanmu ba a taɓa ka da ni a gardama ba, har babana yakan ce da namiji ce ni da ya bar mini shago. Da aka turo ni Diffa koyarwa a matsayin 'yar kwantaragi, mahaifiyata ta yi ta kuka kamar an ce ba zan dawo ba, ni kuwa ko a jikina, domin ina da ƙawa 'yar can. Tare muka yi karatu, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, zanen da na ɗaura yau ita za ta ɗaura gobe. Asalinta 'yar wani ƙauye ce a bakin Komadugu wajen Geskeru, iyayenta manoman tattasai. Tun muna makaranta muka ƙirƙiro wata al'ada tamu mu biyu: duk ranar bonane, wato ranar farko ta sabuwar shekara, kowace za ta faɗa wa 'yar'uwarta abu ɗaya da take son cimmawa kafin shekara ta ƙare, in ta kasa a yi ta tsokanarta. Wata shekara na ce zan koyi keken ɗinki, na koya. Wata shekara ta ce za ta daina baccin aji, ta kasa, na sha mata kai da dariya. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan rubuto wa mujalla labarinta ba.

Ita ta tarbe ni a tasha, ita ta nuna mini gari, kuma a gidan mijinta na fara ganin yayanta, wanda daga baya ya zama mijina. Direba ne a wata ƙungiyar agaji, mutum mai shiru, yakan yi makonni yana kai kaya Boso da Yebi da sauran wuraren da 'yan gudun hijira suke. Mahaifinsu ya rasu, tsohuwarsu kuma tashin hankalin bakin kogi ya koro ta daga ƙauye, ta baro gonarta ta zo ta zauna a gefen gari wajen dangin mijinta. Iya, kamar yadda nake kiranta, ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri. Ni kuma ba na jin Kanuri, wanda mu a Damagaram muke ce wa Barbarci, duk da kakata ta wajen uwa tana da zanen Barebari a fuska. A cikin garin Diffa wannan bai dame ni ba, kasuwa da Hausa ake ci, lakwal, wato makaranta, da Faransanci. Ran da za a fara kai ni gaida Iya, ƙawata ta ce kada in wahalar da kaina, kalma biyu sun ishe ni. In na shiga in ce wushe, wato sannu. In tsohuwa ta yi magana ta tsaya, in sunkuyar da kai in ce ngala, wato da kyau. Sauran kuwa ita za ta riƙa raɗa mini a kunne, domin a wajensu, in ji ta, ba a ɗaga murya ana fassara wa amarya magana gaban surukai. Na ji daɗi ƙwarai, na ce Allah ya haɗa ni da ƙanwar miji irin wadda kowa ke roƙo.

Haka muka yi ta tafiya. Duk Juma'a in yi girki in ɗauka, ƙawata ta raka ni, in durƙusa in ce wushe, Iya ta yi magana, a raɗa mini, in ce ngala. Abin da ake raɗa mini kuwa ba mai daɗi ba ne. In Iya ta ba ni bandar kifi, sai ƙawata ta ce cewa ta yi miyata ba ta da ɗanɗano, in ƙara da wannan. In ta shafa zanena tana murmushi, sai a ce mini tana mamakin yadda nake ƙarar da dukiyar ɗanta a tufafi. Ƙawata takan ƙara da cewa in yi haƙuri, haka tsofaffinsu suke, murmushinsu daban abin da ke bakinsu daban, ita ma tana jin kunyar abin. Ni da ba a ka da ni a gardama, sai ga ni ina haɗiye magana ina cewa da kyau. Ban taɓa kai ƙara wajen mijina ba, don mahaifiyata ta ja mini kunne tun ranar da za a kawo ni cewa kada in kuskura in shiga tsakanin ɗa da uwarsa.

Allah ya ba ni ciki da wuri, na haifi mace. Ƙawata kuwa ta riga ni aure da shekaru, amma ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ta sha magani, na likita da na gargajiya, kuma duk bonane burinta ɗaya ne, har na daina tsokanarta saboda wannan ba abin da mutum ke cimmawa da ƙoƙarinsa ba ne. Da na haihu ita ta yi mini komai. Ita ke goyo in na tafi aji, ita ke wanka, ita ke kai yarinya allurar rigakafi. Ni kuma ga kunyar ɗiyar fari, wadda duk Bahaushiya ta sani: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban manya, in ta yi kuka cikin mutane sai in kau da kai kamar ba tawa ba. A ɗaka kuwa, in babu kowa, nakan rungume ta in yi ta shinshinar wuyanta har ta gaji ta ture ni. Wannan ba wanda ya gani. Abin da mutane suka gani shi ne uwa mai zuwa lakwal da jaka a kafaɗa, da gwaggo mai goyo.

Da lokacin yaye ya yi, aka ce a kai ta wajen kakarta ta yi 'yan kwanaki ta manta da nono, kamar yadda ake yi ko'ina. Ƙawata ta ce tunda Iya ta tsufa, ita za ta kwana da yarinyar. Bayan kamar mako guda aka kira ni gidan Iya. Na tarar da tsofaffin gidan a zaune, mata da maza, mijina yana can bakin ƙofa kansa a ƙasa, shi ma kunyar ta hana shi ɗagowa. A hanya ƙawata ta riga ta faɗa mini cewa addu'ar yaye za a yi, Iya za ta sa wa yarinya albarka ta yi mini nasiha. Iya ta yi magana mai tsawo tana kallona, ba murmushi. Ta tsaya. Ƙawata ta raɗa mini cewa tana yi wa jikarta addu'ar lafiya, na ce ngala. Iya ta sake magana, wannan karon har tana nuna ƙirjinta, aka raɗa mini cewa tana cewa in riƙa kula da abincin yarinya, na ce ngala. Ta matso ta kama hannuna ta sake maimaitawa a hankali, kamar mai magana da kurma, na ga idonta ya kawo ruwa, na ɗauka tsananin son jika ne. Na sake sunkuyawa na ce ngala. Sai ta saki hannuna, ta juya mini baya. Aka shafa fatiha, mijina ya tashi ya fita bai dube ni ba.

A hanyar komawa ƙawata ta fashe da kuka. Ta ce ba ta san yadda za ta faɗa mini ba, amma a ƙarshen maganar Iya ta yanke hukunci cewa yarinya za ta zauna riƙo a wajen ita ƙawar tawa, wai haka al'adarsu take da 'yar fari, kuma babu mai tayar da maganar. Ta rantse ta roƙi tsohuwa ta ƙi. Ta ce in kwantar da hankalina, ai gida ɗaya ne, duk lokacin da na so zan gan ta, kuma za ta ci gaba da lallaɓa Iya har ta sauko. Ni na ma koma ina ba ta haƙuri. Ba a rufa wata uku ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Maine Soroa, suka tattara suka tafi da ɗiyata. Na taɓa gwada yi wa mijina maganar a kaikaice, ya dube ni wani irin kallo ya ce magana ai ta wuce, wanda ya yanke ta shi ya san dalilinsa. Na ɗauka uwarsa yake nufi, na ja bakina. Daga nan wani sanyi ya shiga tsakaninmu wanda na kasa gane kansa. In na ce zan je Maine, ƙawata ta ce Iya ta hana in riƙa yawan nuna kaina kada yarinya ta rikice. Sai da salla nake ganinta, tana laɓe a bayan gwaggonta, ta manta 'yar Hausar da ta fara. Na ci gaba da kai wa Iya girkin Juma'a, in ce wushe, in ajiye, in zauna kaɗan in tashi. Ba zan ɓoye ba, na tsani tsohuwar nan a lokacin, tsana mai tsanani. Shekara biyu na yi a haka, kuma wani cikin bai zo ba.

Ranar wata bonane ina zaune ni kaɗai a tsakar gida, mijina yana Boso, 'ya'yan maƙwabta suna ta guje-guje a waje, sai na ji na gaji da jiran wani ya roƙa mini. Na ce wannan shekara burina ɗaya ne: in koyi Barbarci, in je gaban Iya kafin shekara ta ƙare in durƙusa in roƙe ta ɗiyata da bakina, kunya ko ba kunya. Da yamma ƙawata ta kira kamar yadda muka saba, na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce wa ya ga 'yar Damagaram da Barbarci, harshena zai karye kafin azumi. Da ta ji da gaske nake, sai ta sauya murya. Ta ce tsofaffinsu suna ɗaukar gurɓataccen yare a matsayin izgili, zan ɓata abin da ta daɗe tana gyarawa, Iya ta kusa saukowa, in bar mata. Wannan ne karon farko da ta taɓa hana ni wani buri maimakon ta tsokane ni a kansa. Na lura da hakan, amma na fassara shi da cewa tsoro take ji mini. Na ce mata to na fasa, a raina kuwa na ce sai dai ta ji labari.

Akwai wata malama babba a lakwal ɗinmu, Babarbariya, ta kusa ritaya. Na same ta na ce ina son ta koya mini, ban faɗa mata dalili ba. Ta ce ita ba ta iya koyar da yarenta da alli ba, amma in na yarda, daga ranar ba za ta sake yi mini Hausa ba. Haka kuwa aka yi, lokacin hutun ƙarfe goma in zauna kusa da ita ta yi ta zuba, ni ina bin bakinta da ido kamar akuya gaban mai dusa. Na raba wa kaina shekarar: lokacin sanyi gaisuwa da sunayen abubuwa, lokacin zafi cinikin kasuwa, damina kuma in fara haɗa magana doguwa. A lokacin ana tsaka da ɗibar tattasai, gari duk ya yi ja, sai in je bayan gidanmu inda mata ke zaune suna tsince shi suna shanyawa, in sa hannu ina taya su, ina atishawa ina kasa kunne. A kasuwa na daina yi wa masu bandar kifi Hausa. Wata rana na je tambayar farashi na faɗi wani abu, matar ta faɗi a kan tabarma tana dariya har da hawaye, ta kira maƙwabtanta ta ce in maimaita. Har yau ba wadda ta yarda ta faɗa mini abin da na ce.

Ba zan ce tafiyar ta yi sauƙi ba. Da zafin bazara ya kankama na yi kusan wata ban buɗe baki ba, na ce yaren nan ba na mutane ba ne, kalma ɗaya ka ɗaga murya ta zama wani abu, ka sauke ta zama wani. Abin da ya maido ni shi ne salla. An kawo ɗiyata gaisuwa, tana wasa a ƙasa tana surutu ita kaɗai, sai na tsinci kalma ɗaya a bakinta, ruwa take so. Na tashi na ɗebo na miƙa mata kafin kowa ya motsa. Ta karɓa ta sha, ta dube ni. Ƙawata ma ta dube ni, na yi kamar dace ne. Daga ranar na koma da ƙarfina. Na riƙa kunna rediyo lokacin shirin Kanuri ina wanke-wanke, ina maimaita abin da mai labarai ke faɗa. Mijina ya ji ni wata rana ya yi murmushi, na farko cikin dogon lokaci, ya ce sai ka ce mai sanarwar rasuwa. Kafin damina ta ƙare na fara jin hirar mata ba tare da na fassara a kaina ba. Na tsara maganar da zan yi wa Iya, ina maimaita ta a hanyar lakwal, na ajiye cewa sai hutun ƙarshen shekara zan faɗa. A gabanta kuwa ban nuna komai ba, wushe kawai, don ina son in zo mata da magana cikakkiya.

Ban kai ƙarshen shekarar ba. Bayan damina, lokacin da Komadugu ke cika ya hau gonaki, na kai girkin Juma'a na tarar Iya ta yi baƙuwa, wata tsohuwa 'yar ƙauyensu da ruwa ya ci wa tattasai ta zo gari wajen danginta. Na gaishe su na zauna gefe. Baƙuwar ta tambayi ko wace ce ni. Iya ta ce matar ɗanta ce, Bahaushiya, ba ta jin komai, su yi maganarsu. Sannan ta ce yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa fasa kawo mata abinci ba, tun ran da ta fara ganina ta so ni, amma ba ta taɓa ganin mace mai busasshiyar zuciya irina ba. Ta ce ni na aiko ɗiyarta in ce a karɓi yarinyar a hannuna, wai tana hana ni aikin lakwal, na bar wa ƙanwar mijina ita duniya da lahira. Ta ce ba ta yarda ba, ta tara mutane ta tambaye ni gaban ɗanta ko da gaske na aiko, na ce da kyau. Ta ce ta tuna mini nonon da na ba ta, na ce da kyau. Ta kama hannuna ta roƙe ni in sake tunani, ta ce in aiki ne ita za ta riƙa yi mini raino da rana, na ce da kyau. Kuma tun ranar, in ji ta, ban taɓa tambayar lafiyar yarinyar ba ko da hannu.

Na ji kowace kalma. Da farko na ɗauka Barbarcina ne ya yaudare ni, na yi ta juya maganar ko akwai inda na ji ba daidai ba, babu. Duk maganar da na yi watanni ina tsarawa ta gudu, abin da ya fito daga bakina guntaye ne irin na yara. Na ce Iya, ban sani ba. Na ce ban aiko ba. Na ce ina son ɗiyata. Tsohuwar ta zabura kamar ta ga bango ya yi magana, baƙuwar ta dafe ƙirji tana salati. Muka zauna har la'asar ta wuce, ni da karyayyen yarena, ita tana sassauta nata, muna warware abin ɗaya bayan ɗaya. Kifin da take ba ni, ashe cewa take na rame, in ci. Zanen da take shafawa, ashe cewa take ya yi mini kyau. Ita kuma an faɗa mata cewa na ce gidanta yana wari, shi ya sa ba na daɗewa. Babu wata al'ada tasu da ta ce dole a karɓe 'yar fari, kuma ba ta taɓa hana ni zuwa Maine ba. Ta ja kaina ta ɗora a cinyarta, muka yi ta kuka. Matar da na yi shekaru ina tsana ita ce kaɗai ta tsaya mini a ranar da aka karɓe mini ɗiya, ni kuma ina ce mata da kyau.

Da mijina ya dawo Iya ta zaunar da shi ta faɗa masa. Ya ce shi da kunnensa ya ji ni, shi ya sa tun ranar ya kasa kallona kamar da, kuma kunya ta hana shi tambayata me ya sa na yi haka. Aka aika aka kira ƙawata. Na yi zaton za ta musa, ko ta faɗi ƙasa tana neman gafara. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna ta gyara mayafi ta ce e, ta yi. Ta ce ni ban san abin da ake ji ba in an shekara bakwai dangin miji suna duban cikinka duk safiya. Ta ce ita ta yi goyon, ita ta yi wankan, ita ta kwana a likita ran da yarinya ta yi zazzaɓi, ni kuwa ko sunanta ba na kira. Ta ce ta ɗauka zan haifi wasu in manta. Da na ce mata ta tuna kwanon da muka ci tare, sai ta dube ni ido cikin ido, da Hausa don kada uwarta ta ji, ta ce ai ba ta sa mini wuƙa a wuya ba, da bakina na amsa. Na fassara wa Iya da kaina. Wannan ita ce fassara ta farko da na taɓa yi a rayuwata. Iya ta ce a kawo yarinyar cikin makon, in ba haka ba ta cire ƙawata daga cikin 'ya'yanta.

Aka kawo mini ɗiyata tana da shekara biyar. Na share ɗaki, na ɗinka mata kaya, na yi mata kitso da hannuna tana fizgewa. Na ɗauka kukan na kwana biyu ne. Ta ƙi abinci, ta ƙi wasa, tana zaune bakin ƙofa tana kallon hanya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina jin duk abin da take faɗa. Da ban koyi yaren ba, da na ce kukan baƙunta ne kawai in lallashe ta da alewa. Amma ina ji tana kiran uwarta, tana tambayata da ladabi yaushe uwarta za ta zo, tana roƙona in gaya wa kawu ya mai da ita gida, ba za ta sake yin ƙiriniya ba. Kawun nan ubanta take nufi. Na zaunar da ita na ce ni ce uwarta, ni na haife ta. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, amma yaushe za a mai da ita. Kafin wata ya cika ta rame, zazzaɓi ya kwantar da ita, muka kwana biyu a likita. Tana cikin zafin jiki tana kiran wata, ni ina riƙe da hannunta.

Ni na mai da ita. Ba wanda ya tilasta mini, Iya ma cewa ta yi in ƙara haƙuri za ta saba, mijina ya ce duk abin da na ga dama. Wataƙila da na daure da ta saba ɗin, wannan tambayar ba ta bar ni ba har yanzu. Amma na kasa kallon yarinya tana narkewa saboda laifin da ba nata ba. Na shiga mota da ita zuwa Maine, tun daga nesa da ta hango bishiyoyin dabino ta miƙe tsaye tana tsalle a kan cinyata. Da muka isa ƙofar gidan ta fizge hannunta ta ruga, ba ta waiwayo ba. Ƙawata ta fito ta ɗauke ta, ta buɗe baki za ta yi mini magana, na ce ta riƙe, ba don ita na yi ba. Na faɗa mata cewa duk hutu za a kawo mini ita, kuma zan zo duk ranar da na ga dama. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma saboda yarinyar. Iya ta rasu bara, kuma kafin ta rasu mun yi hirar da ta isa, wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai in na tuna wahalar shekarar nan. Ni kuwa har yau Allah bai sake ba ni haihuwa ba.

Na rubuto ne saboda ga sabuwar shekara ta zo, kowa na ta faɗin abin da zai cimma. Ku ɗaura niyya, ku raba ta gida-gida yadda za ku iya, kada ku bari don an yi muku dariya, ana cimmawa, ni shaida ce. Amma ku dubi abin da kuka daɗe kuna ɗagawa kuna cewa wani na yi muku, domin nawa burin, da a ce na ɗauke shi shekarar da aka kawo ni gidan nan, da ba wanda ya isa ya shiga tsakanina da surukata. In kuka faɗa wa makusancinku burin alheri kuka ji yana neman hana ku, ku tsaya ku tambayi kanku me zai rasa in kun yi nasara. 'Yan'uwana mata da aure ko aiki ya kai cikin mutanen da ba ku jin yarensu, kada ku ba kowa aron bakinku da kunnenku, ko da wadda kuka tashi tare ce, kuma kada ku amsa maganar da ba ku ji da kanku ba. Kunyar ɗan fari ado ce, ban ce a yar ba, amma in ta kai ga za a ɗauke miki ɗa, ki buɗe baki ki yi ihu kowa ya ji. Ɗiyata ta shiga lakwal yanzu, tana tsintar Hausa wajen ƙawayenta. Kwanan baya aka ba ta waya ta gaishe ni da Hausar, tana ta murna ta iya. Ta ce mini ina kwana, matar kawu, ni kuma na amsa mata lafiya lau.